Ni Da Wuƙar Feƙe Alƙalami

Na san wata za ta ga kan wannan rubutu ta yi tsaki ta ce, yanzu duk matsalolin da suka ishe mu a gidajen aure a rasa abin da za a yi magana a kai sai wuƙa? To 'yar'uwa ki yi haƙuri ki karanta, domin wannan 'yar wuƙa da ba ta kai tsawon tafin hannu ba ta taɓa riƙe mana gida wata da watanni, rashinta kuma ya bar wa 'yata tabon da za ta tafi da shi ɗakin miji.

Ni mutuniyar Matsinkai ce, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, can gefen iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin makarantar allo ne. Mu huɗu mata aka fara haifa masa kafin namiji ya zo, saboda haka ni da nake ta biyu, kuma mai shisshigi, ni ce mai zama gefen buzunsa ina miƙa masa kurtun tawada. A shekarar 1991 da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ina 'yar shekara bakwai, a kakar wannan shekara ce ya fara ɗora min wuƙarsa a hannu ya ce in feƙe alƙalami. Na ɓata sille ya fi ashirin, na yanke yatsa har sau biyu, Inna tana ta faɗa wai za a nakasa mata ɗiya, shi kuwa ko a jikinsa, iyakarsa ya ce, "Gyara hannu."

Bari in yi wa 'yan birni bayani, don na san akwai wadda ba ta taɓa ganin an yi ba, sai dai ta ba yaro kuɗi ya sayo. Alƙalaminmu na gamba ne, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. Ba kowane lokaci ake yankanta ba, sai ruwa ya ɗauke ta ƙosa, sannan a zaɓi masu kauri a shanya a inuwa, don in rana ta buge ta da yawa sai ta yi gautsi. Wasu da sillen karan dawa suke yi, shi ma yana rubutu, amma a wurina bai kai gamba jure tawada ba, da ya jiƙa sai bakin ya yi laushi. A yanko kamar taƙi ɗaya, a yi mata yankan farko a karkace, a ƙwaƙule ɓargon ciki, a rage gefe da gefe har baki ya fito, sannan a yi masa tsaga ɗaya siririya a tsakiya, ta nan tawada take gangarowa. Na ƙarshe shi ne datse baki, a ɗora a kan itace a datse shi a ɗan jirge. Yanka huɗu ne ko biyar, amma kowanne da irin hannun da yake so. Na yaran da ke babbaƙu bakinsa da faɗi, na wasali siriri, na mai rubuta Alƙur'ani a takarda kuwa wannan wani abu ne daban, da wuya malami ya yarda wani ya feƙe masa nasa.

Duk wannan aiki wuƙa ce uwarsa. Ta Baba ƙirar gida ce, baƙa, ƙotar ta yi sulɓi saboda riƙo, bakin ya cinye saboda wasi har ya koma kamar jinjirin wata. Ba ya yanka komai da ita sai gamba. Ranar da Inna ta ɗauka ta yanka kuɓewa, sai da suka kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Kada wata ta ce min alƙalami aikin maza ne. Ƙasarmu ta Bagudo a ƙarƙashin masarautar Gwandu take, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma 'yar wansa Shehu Usmanu, wato Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubutu, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauye-ƙauye suna koyar da mata 'yan'uwansu. Babu biro a zamaninta, duk abin da ta bari da alƙalamin da aka feƙe da wuƙa aka rubuta shi. Shi biron nan da muke gani kamar da shi aka halicci duniya, ai sunan mutum ne, wani ɗan jarida ɗan ƙasar Hangari mai suna Laszlo Biro, a 1938 ya yi rajistar ƙirarsa. Kamfanin Bic na Faransa kuma sai a 1950 ya fito da nasa mai araha, shi ya sa in kin ƙetara Segbana ko Malanbil kowane biro bik suke ce masa. Amma biro bai iya allo ba. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, yaro ya biya ya haddace a wanke ta fita a yi masa ƙari. Muddin akwai allo kuwa, akwai mai neman alƙalamin gamba.

Da Baba ya rasu aka zauna rabon gado, ƙannensa maza suka ce kayan malanta na namiji ne. Gafaka da littattafai da buzu da wuƙa aka tattara aka ba ƙanena, wanda a lokacin yana Birnin Kebbi yana koyon kanikanci, bai taɓa feƙe alƙalami ko ɗaya ba tun da yake. Ni aka ba ni akuya da kurtun tawada. Ban ce uffan ba, wace ce za ta buɗe baki a kan wuƙa hawaye bai bushe ba? Amma Allah ya sani ta tsaya min a rai.

A gidan mijina na ci gaba da koyar da yaran unguwa da safe, matan aure kuma bayan la'asar, alƙalumansu kuwa da reza nake feƙewa. In karya ta biyu, in naɗe gefe ɗaya da tsumma, in kama aiki. Reza tana da kaifi, wannan ba a musu, ga araha, ga ta ko'ina har teburin mai ashana. Sai dai ba ta da ƙota, ba ta da bayan da yatsa zai dafa, tana lanƙwashewa a cikin gamba ta ci inda ba ki nufa ba, kafin ki yi goma sha ta dakushe. A lokacin ban damu ba, tunda na ɗalibaina kawai nake yi.

Sai ga watan Agusta na 2019, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Maigidana fatauci yake yi tsakanin nan da ƙetare, ta Tsamiya zuwa Segbana, ya kai albasa da barkono ya sawo atamfa. Rana ɗaya hanya ta mutu. Ba a fara buɗe wasu iyakokin ba sai Disambar 2020, su ma ba na wajenmu ba. Namiji mai zuciyar nema ya wuni a zaure yana jan carbi, ke ma kin san yadda gida yake zama, ko tari kika yi sai ya zama magana. Na zauna na dubi abin da na iya. Ƙosai akwai masu yi uku a layinmu, ƙuli-ƙuli sai da jarin gyaɗa, alƙalami kuwa ni kaɗai ce, gamba kuma ga ta nan a daji kyauta. Na shiga feƙewa da yawa ina ɗaure su goma-goma, babban ɗana ya zaga tsangayu da su, ranar kasuwa kuma in ba wani ɗan'uwanmu ya tafi da su Kaoje ko Bagudo. Almajirai sun iya feƙe nasu, amma nawa ba sa zubar da tawada, sai gardawa suka riƙa aikowa. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, amma gishiri da daddawa da sabulu ba su yanke mana ba.

Yawan aiki ya kawo yawan reza. Kullum sai na karya biyu ko uku, wadda ta mutu in tura ta ƙarƙashin tabarma da niyyar in an jima zan zubar. Wata ranar Laraba ina ɗora tukunya sai na ji ƙarar Auta, lokacin tana shekara huɗu. Na fito a guje na tarar da ita zaune a wurin zamana, gamba a hagu, guntuwar reza a dama, wai ita ma alƙalami za ta yi. Rezar ta zarce ta tsaga mata tafin hannu daga gindin babban yatsa har kusan tsakiya. Jini kamar an yanka kaza. Na cire ɗankwalina na ɗaure, ko takalmi ban tsaya sawa ba, aka ɗauke mu a babur sai asibiti. Ɗinki biyar aka yi mata, da allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora, don rezar ta yi tsatsa. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ki gode wa Allah. Da ta ƙara nitsewa kaɗan da ta taɓa jijiya, yatsan nan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba." Abin da muka kashe a ranar, na mai babur da na magani, ya cinye cinikin alƙalami na wata guda har da ɗoriya.

Maigida bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Sai da dare ya ce, "Kada a ƙara shigo min da reza gidanga."

Na ce, "To Malam, da mi za ni aiki?"

Ya ce, "Ni ka sawo miki wuƙa."

Ya kuwa cika alkawari. Ranar kasuwa ya dawo da wata 'yar wuƙar kanti mai naɗewa, fara fat, tana walƙiya har kina ganin fuskarki a jiki, ga ƙotar roba ja. Na yi murna, na durƙusa na yi godiya. Kwana uku na gane ta ado ce. Bakinta da kauri, maimakon ta yanka gamba sai ta murƙushe ta, in na wasa a dutse ta yi kaifi, alƙalami biyar ta koma kamar bayan cokali. Sau ɗaya ma ta naɗe ta kama min yatsa. Na ɓoye masa har sati biyu, don namiji in ba shi da shi ya yi ƙoƙari ya kawo, ki kushe abin, wallahi gara ki mare shi. Amma ciniki ya fara ja da baya, har wani alaramma ya aiko a gaya min alƙaluman bana suna tsartar da tawada.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta zo ta same ni ina fama ta ce, "Ke ɗiyar malam, kin taɓa ganin tsohonki ya sai wuƙa kanti? Aika maƙera." Na jira kwasar adashina na aiki ɗana, na ce ya ce a ƙera min ƙaramar wuƙa mai kaifi. Abin da na faɗa shi aka yi min, ƙaramar wuƙa mai kaifi, ta yankan albasa. Har yau tana nan ina girki da ita, ba ta da laifi, amma ba ta san gamba ba. Kuɗi sun tafi, aiki bai gyaru ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, rabi na kuɗin, rabi na tuna akwai wadda ta dace da aikin tana can kwance a akwatin bakanike.

Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike. Na roƙi maigida izini, ya yi jim, don ba a saba ganin matar aure a maƙera ba, can ya ce in tafi da Gwaggo. Na ƙunshi gamba a gefen mayafi, na ɗauki wuƙar albasar, muka tafi da hantsi.

Rumfa ce ta kara, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Yaro yana kan zuga-zugi, gawayin ƙirya yana ta tartsatsi, tsohon yana zaune gaban uwar maƙera da masaba a hannu yana gyaran bakin kalme. Muka durƙusa daga gefe muka gaisa. Da Gwaggo ta faɗi ko ni wace ce, ya ajiye masaba ya ce, "Ɗiyar Malam ta? Allah shi gafarta mai. Ai wuƙar da yake alƙalami da ita tsohona yaƙ ƙera ta." Na fara yi masa bayani, tsawo kaza, faɗi kaza, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗiyata, bar bayani. Zamna ki feƙe in gani."

Na zauna na fara, kunya kamar ta kashe ni, ga maza masu jiran gyaran fartanya suna kallo. Na lura shi ba alƙalamin yake duba ba, hannuna yake duba. Na gama ya ce, "Sake." Na sake. Sai ya fashe da dariya har yana buga cinya ya ce, "Ashe bahaguwa ta! To mi ah hana a gaya min tun farko?"

Gaskiya ya faɗa, bahaguwa aka haife ni. Cin abinci da rubutu an hore ni da dama tun ina ƙarama, da lallashi da tsumagiya, har na saba, amma tsintsiya da wuƙa hagu suke komawa. Ban taɓa tunanin wannan ya shafi ita wuƙar ba. Ya karɓa ya juya ta ya nuna min. Irin wannan wuƙa gefe ɗaya yake kwantar mata da baki, ɗaya gefen ya bar shi a miƙe, shi ne mai bin jikin abin da ake fiƙewa. In an kwantar da shi don mai dama, bahago ya riƙe, to komai ya juye, ko dai ta zame ko ta ci fiye da yadda ake so. Ita kuwa ta kanti da na ba shi labarinta, ya ce farin ƙarfe ne da ba ya tsatsa, ya yi kyau a ido ya yi daɗin wanki, amma mai araharsa ba ya riƙe baki.

Ya auna tafin hannuna da guntun kara, ya sa na nuna masa inda babban yatsana yake dafawa. Sannan ya tona cikin tarkacensa, ya wuce langa-langa, ya wuce guntun rodi, ya zaro wani tsohon magagari da haƙoransa suka cinye. Ya ce ƙarfen da aka yi don ya ci ƙarfe, shi ne zai riƙe kaifi. Ya cusa shi a wuta har ya yi ja jawur, ya binne shi a toka mai zafi ya ce sai ya kwana ya huce a hankali zai yi laushin da za a iya aikinsa, in an gama ƙira kuma a sake ƙona bakin a tsoma tun yana ja don taurin ya dawo. Sai dai ya gargaɗe ni, wannan in na bar ta da danshi za ta yi tsatsa, kullum in goge in shafa mata ɗan man gyaɗa.

Da aka zo kuɗi ya faɗi ninki uku na ta kanti. Gabana ya faɗi. Gwaggo ta ce, "Haba Sarkin Maƙera, marainiya ta hwa!" Ya ce, "Marainiya mai ɗiya biyar?" Aka yi dariya. Ya rage kaɗan, ya yarda in biya sau biyu, ya ce wasi kuma kyauta ne muddin yana numfashi.

Bayan sati aka kawo ta. Bakin bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, bayan da kauri daidai inda yatsana zai zauna, tsinin siriri, ƙotar itace gajeriya ta cika min hannu cif. Ba ta walƙiya, in kin gan ta a ƙasa ba za ki sunkuya ba. Na ɗauki gamba na ɗora mata, yankan farko ya tafi kamar ana yanka sabulu. Aikin da nake kaiwa isha'i a kansa, kafin magariba na ɗaure na ajiye. Ciwon wuyan hannun da na shekara ina cewa sanyi ne, ina ta shafe-shafe, cikin wata ɗaya na neme shi na rasa. Na sa baduku ya ɗinka mata kube, na kafa mata ƙusa can sama inda ko ni sai na yi ɗage.

Ba zan yi miki ƙarya ba 'yar'uwa, tsagar alƙalamin wasali mai siririn baki har yau reza ta fi yi min ita. Da maigida ya huce ya yarda da guda ɗaya, tana cikin gwangwani mai murfi, in ta mutu kuma masai take tafiya a take, ba in an jima ba. Abin saye yana da wurinsa, ba zan ce ki je a ƙera miki allura ko ashana ba. Amma abin da hannunki zai wuni a kansa kullum, kina cin abinci da shi, ga yara suna rarrafe kusa, ni dai na daina tambayar nawa ne kafin in tambayi don wa aka yi shi.

Da babbar sallar da ta wuce ƙanena ya zo gida, yanzu babban bakanike ne da yaransa na aiki. Ya ga wuƙar a rataye, na ba shi labari tun daga reza. Ya ce su ma haka suke fama. Akwai ƙarafan da suke yanka zaren noti da su, wato murɗin nan irin na bakin kwalba, saiti-saiti ake sayar da su, amma wata rana sai a kawo tsohuwar mota mai zaren da babu irinsa a saitin, dole ya samo bol mai irin zaren ya yi masa tsaga da magagari ya bi ramin da shi. Har ya nuna min a wayarsa wasu mutane a Turai da Amurka da sana'arsu ke nan yin alƙalamin tawada da hannu, na itace da na roba mai tauri, mai murfin murɗawa. Zaren murfin na musamman ne don ya buɗe da wuri, ƙarfen yanka shi da tsada, su ma wani ya saya wani ya zauna ya yi nasa. Na ce ashe ciwon ɗaya ne, kuɗin ne ba ɗaya ba.

Ya yi shiru, sai ya tashi ya buɗe jakarsa ya ɗauko wani abu naɗe a tsohon rawani. Ya ce, "Yaya, wagga taki ta tun farko. Ni kullum sai dai in buɗe in duba in mayar." Wuƙar Baba ce. Ƙotar nan mai sulɓi, har da ɗan ƙonan da ke gindinta. Na riƙe ta na kasa magana, hawaye suna zuba a kan zanena.

Da na natsu na goge tsatsar, na wasa ta, na ɗauko gamba. Yankan farko ta zame. Na sake, ta nitse ta fasa sillen. Na juya bakin na duba kamar yadda tsoho ya koya min, sai ga shi a fili, ta mai dama ce. Na dubi tabo biyun da ke yatsana tun ina shekara bakwai. Shekara talatin da wani abu ina zaton hannuna ne bai gyaru ba.

Auta tana tsaye a kaina, ta wuce shekara goma yanzu, ita kuwa da dama take komai. Tun ranar asibiti ban ƙara barin ta kusa da wurin aikina ba, ita ma ba ta taɓa roƙo ba, sai dai kallo daga nesa. Na ɗaga kai na ga maigida a bakin ƙofa, ya dube ni ya dubi yarinyar, bai ce a'a ba. Na ce, "Zo ki zamna." Na ɗora mata gamba a tafin nan mai tabo, na nuna mata yadda za ta tura bakin waje ba wajen jikinta ba. Na farko ya fashe. Na biyu bakin ya karkace, kawunta yana ta yi mata dariya. Na uku ta tsoma a kurtun kakanta ta ja a allo, ya rubuta.

Washegari aka kai wa baduku awon kube.